Sau Huɗu

Kamil ya fara kuka tun fitar uwarsa aiki, bai tsagaita ba har ladanin unguwar Al-Shifa ya kira azahar. Sabuwa mai aikin gidan ta jijjiga shi, ta goya, ta sauke, ta sake dama madarar gwangwani kamar yadda uwar tasa, Madam Hajar, ta nuna mata da hannu. Da ya ji robar fida a bakinsa sai ya ture ta da harshe ya banƙare. Watansa huɗu, amma idanu duk sun faɗa. Uwar ma'aikaciyar banki ce, nononta ya ƙafe tun kafin arba'in, an canza madara har iri uku yaron bai karɓi ko ɗaya da daɗin rai ba.

Kwanan Sabuwa goma sha ɗaya a Riyad. A Gusau ta baro Biba, 'yar wata goma, wadda aka yaye da ƙarfin tsiya saboda ejan ya ce Larabawa ba sa ɗaukar mai goyo. Ya rubuta a takarda cewa ba ta da ƙaramin yaro, ya ce ta ɗaure ƙirji da ɗankwali, cikin mako guda zai ƙafe. Bai ƙafe ba. Duk lokacin da Kamil ya tsala kuka sai ta ji ƙirjinta ya cika ya ɗauki zafi, kamar da ita ake.

Ta san hukuncin tun tana Islamiyya. Ba a ba ɗan wani nono da wasa, domin ranar da ya sha ya zama naka. Amma ta san kuma a gidansu ba a zuba wa jariri ido yana shiɗewa alhali akwai mai nono a tsakar gida. Ta dubi ƙofa, ta dubi yaron. Ta zauna a kan kafet, ta kwance ɗankwalin, ta yi bisimilla.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyi.

* * *

A hankali ta saba. Ta gane maɓallan injin wanki, ta koyi dafa shinkafar kabsa ba tare da ta caɓe ba, ta iya bambance "ta'ali" da "yalla" da "khalas". Ɗakinta yana can saman bene kusa da igiyar shanya. Fasfonta yana hannun maigidan, wayarta kuma sai ranar Juma'a ake ba ta. Ba ta taɓa taka titin ƙofar gidan da ƙafarta ba, sai dai ta hango shi ta gilashin mota.

Kamil kuwa ya murmure. Kumatu suka fito, wuya ya yi ninki. Madam ta yi ta yabon sabuwar madara, har ta saya wa ƙanwarta gwangwani biyu, alhali kullum Sabuwa ce ke damawa ta tuttular a makwarara don a ga gwangwanin yana raguwa. Kakar yaron ta zo ta ɗaga shi sama tana ta masha Allah, ba ta ko dubi wadda ta miƙo mata shi ba.

Ranar Juma'a Inna, kakar Biba, takan kara wa jikar waya a fuska, yarinyar ta kalli hoton uwarta ta kau da kai ta cusa fuska a zanen kakarta. Maulud, mijin Sabuwa, yakan karɓa daga bakin baron rakensa ya ce kowa lafiya, ta kwantar da hankalinta, an kusa rufa ɗakin da ruwa ya ci. Ba ta gaya wa kowa ba cewa Biba ta yi ƙane.

* * *

Wata Talata Madam ta dawo kafin la'asar, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta fizge Kamil daga bayan Sabuwa, ta danna mata waya a fuska. Ashe an maƙala sabuwar kamara a saman labulen ɗakin yaron. Sabuwa ta ga kanta zaune a kan kafet, kai sunkuye, yaro riƙe da ɗan yatsanta.

Aka kira Buraima direba ya yi tafinta. Dattijo ne mutumin Argungu, shekararsa goma sha tara a ƙasar, ya ga shigar masu aiki da fitarsu a gidan nan. Yayin da Madam ke ciki tana waya da wani malami, ya ja Sabuwa inuwar gareji ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce gaskiya ne. Ya tafa hannu ya ce wato yanzu Maulud mai rake ya zama uban ɗan Larabawa, sai a aika masa ya fara tanadin ragon Sallah. Ita dai ba ta yi dariya ba.

Sai ya rage murya ya yi mata bayani. A can gida malamai sun ce ko sau ɗaya yaro ya tsotsa ya zama ɗa. A nan kuwa sai ya sha sau biyar ya ƙoshi. Abin da Madam ke son ji ke nan. Ba ciwo take tsoro ba, wannan asibiti zai duba. Tsoronta kada dangin mijinta su ji cewa ɗansu yana da uwa baƙar fata mai wanke musu bayi, da 'yar'uwa a wani ƙauyen Afirka. In huɗu ne, magana ta mutu. In ya kai biyar, ba za ta iya ci gaba da aiken uwar ɗanta ba, kuma ba za ta iya kallonta ba. Wata ukun gwaji bai cika ba, gobe za a mayar da ita ofishin da ya kawo ta, ta zauna a ɗakin nan na unguwar Utaiqa da mata ke kwana a kan tayil suna jiran jirgi.

"Kawu, kwana hamsin fa ke nan. Kullum sau uku, wani lokaci huɗu."

"Ban tambaye ki ba, 'yata. Kamara sau biyu ta gani. Ki ce huɗu."

"In na ce huɗu, nonon da ya sha zai koma?"

Ya ce shi ba malami ba ne, direba ne. Ya dai san wata 'yar Zariya da aka mayar a kan abin da bai kai wannan ba, ta sauka Kano da jakar leda.

* * *

A falo Madam tana zaune da Kamil a cinya, yana ta miƙo hannu. Idanunta sun yi ja, da gani ta yi kuka. Ta yi tambayar sau nawa a taƙaice, Buraima ya juya ta da Hausa duk da ba a bukata.

Sabuwa ta dubi yaron. Ta tuna ɗakin da ba rufi, ta tuna damina saura wata biyu. Duk da haka bakinta ya ƙi faɗin huɗu.

"Ka gaya mata ban ƙirga ba. Tun satina na biyu nake ba shi. Ɗana ne, ƙanin Biba ne, ko a gaban Allah."

Buraima ya gyara hula, ya dubi Madam ya ce, "Arba'a, ya Madam. Arba'a bas."

Sabuwa ta ji shi sarai. Ko ba ta iya Larabci ba, ta san ƙirgensu: huɗu ya ce. Madam ta juyo ta kafe ta da ido, ta ɗaga yatsu huɗu tana jira. Kalma ɗaya ta isa. Sabuwa ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuyar da kai. Madam ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillah, kamar ita ma ta san amsar kuma ta gode da aka rufe ta.

* * *

Gwajin jini ya fito lafiya lau. Ba a kore ta ba. An mayar da ita kicin da wanki, aka kawo wata 'yar Filifin ta kula da yaro, aka ce ƙafar Sabuwa kada ta sake hawa ɓangaren yara.

Washegari da safe, kafin ta fita aiki, Madam ta shigo kicin da ƙwayoyi biyu a tafin hannu da kofin ruwa. Buraima yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da makullin mota, ya ce maganin ƙafar da nono ne, likita ya ce kwana biyu ya isa. Bai ɗaga ido ba.

Daga sama ana jin Kamil, muryarsa har ta dishe. Sabuwa ta goge hannunta a jikin riga, ta karɓa ta haɗiye. Madam ba ta motsa ba sai da Sabuwa ta buɗe baki ta ɗaga harshe, aka ga babu komai a ciki.