Sai Daga Hannunta

Uwar Kowa ake kiranta, har ita kanta ta kusa manta sunan da aka raɗa mata. Mijinta ya rasu ya bar mata kamfanin sabulu da manyan motoci goma sha huɗu, ita kuma ta mai da garejin gidan wurin rabo. Kowace Laraba da ƙarfe takwas ake buɗe ƙofa. Tana zama a kan kujerar ƙarfe mai matashi biyu, kaya jibge a bayanta, mutum ya matso ta ɗora masa ƙunshinsa da hannunta: shinkafa, sabulu, wani lokaci har da bargo.

Wannan ƙa'ida ita ta kafa ta da bakinta. Shekara goma sha tara da suka wuce aka kama mai kula da sito yana farke ƙunshi yana rage awo. Ran nan ta hau kan benci, ranta a ɓace, ta rantse wa jama'a cewa duk abin da bai fito daga hannunta ba, ba nata ba ne, kada su karɓa ko da 'yarta ce ta miƙo. Aka yi ta tafi. Jaridu suka buga da hotonta. Ba wanda ya ce mata ta rage ko kalma ɗaya, don mai kyauta ba a cika yi masa gyara ba.

Wata Laraba, tana kan mutum na arba'in, 'yarta ta sunkuyo da waya a hannu.

"Mama, ɗan Yaya ne daga asibiti."

Yayar nan ita ta goya Uwar Kowa bayan rasuwar uwarsu, ita ta sayar da keken ɗinkinta ta sa ta makaranta. Sati uku ke nan tana kwance.

"Inna," in ji ɗan a waya, "yau ta farka tana magana sarai. Ke take ta tambaya. Likita ya ce a zo yanzu, bai ce anjima ba."

Uwar Kowa ta dubi layi. Ya fita daga gareji, ya bi katanga, ya sha kwana. Mutum ɗari uku da wani abu. Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara.

"Zauna nan ki ci gaba," ta ce wa 'yarta. "A ce wa direba ya juyo da mota."

Na gaba a layi wani tsohon kafinta ne da idonsa ya mutu. 'Yar ta ɗora masa ƙunshi, ya shafa yatsunta, ya saki.

"Wannan hannun bai taɓa wanke tukunya ba. Ina Uwar Kowa?"

"Baba, ni ce 'yarta. Ita ta sa ni."

"To, ai ke aka ambata da baki. Ina wurin, lokacin ina da ido."

Uwar Kowa ta juyo daga bakin ƙofa. "Malam, ni na ce ka karɓa. Na janye maganar."

"Ranki ya daɗe, rantsuwa kika yi. Ba zan ci shinkafar da za ta ja miki alhaki ba. Je ki abinki, muna nan."

"Muna nan!" in ji wata mai goyo daga baya. "Ko gobe ne. Ina za mu da ya fi nan?"

Aka yi dariya. Sai suka fara zama, ɗaya bayan ɗaya, a kan siminti, a cikin rana. Ba mai fushi, ba mai gunaguni, kuma abin da ya ɗaure ta ke nan. Akwai mai ciki wata tara a cikinsu. Akwai waɗanda suka taso tun asuba da ƙafa, ba su karya ba. Mota tana tsaye, direba ya buɗe ƙofar baya yana jira.

Ta koma ta zauna.

Ba ta taɓa rabo da sauri irin na ranar ba. Amma kowa sai ya riƙe hannun ya yi addu'a, addu'a kuwa ba a katse ta. Wata tsohuwa ta bi zuriyarta kaf tana sa musu albarka, har da jikokin da ba a haifa ba. Waya ta yi ƙara sau biyar a cinyar 'yarta. Uwar Kowa tana cewa amin, amin, idonta a kan agogon bango.

Ƙarfe uku saura aka sallami na ƙarshe.

A asibiti ta tarar da ɗan Yaya a baranda, ya gaishe ta bai ɗago kai ba. Ta tura ƙofar ɗaki ta tsaya. Yaya tana kwance, ta rame, idonta biyu, tana kallon hanya.

"Yaya, ga ni."

Yaya ta dube ta daga ɗankwali har takalmi, kallon da ake yi wa baƙuwa mai kuɗi.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce a hankali. "Ɗan matsa daga ƙofa mana. Ƙanwata na tafe, kin tare mini hanya."

Uwar Kowa ta matsa gefe, ta jingina da bango.