Kaset Biyu a Gure

Wata bakwai ke nan da aka turo Hindatu asibitin Gure aikin ungozoma, ta baro ɗiyarta Balki a Dogondutsi wurin Inna. Inna ba ta karatu, shi ya sa Hindatu ke aika mata kaset maimakon wasiƙa.

Ran Lahadi da la'asar ta zauna a bakin gado ta danna rediyo ta soma gaisuwa. Tana zuwa kan sunan Balki sai muryarta ta karye. Ta yi ta kuka, kaset na juyawa, tana faɗin yadda take cin tuwo ita kaɗai, yadda matan unguwa ke hira da Barbarci ita ko ba ta ji. Da ta natsu ta wanke fuska, ta sa wani kaset ta sake, wannan karon har da dariya da labarin raƙuman kasuwa.

Tun ran Juma'a ta sayo babbar ambulan mai kauri a gidan waya, an liƙa mata tambur, wato kan sarki, na zuwa Dogondutsi, ta rubuta adireshi. Ta zuba kaset a ciki, da 'yan kunne na Balki, ta liƙe bakin ta danne da tafin hannu.

Da safe tana shirin fita ta ce bari ta goge kaset ɗin kukan. Ta danna, sai ta ji muryarta tana dariya. Ta daɗe tsaye tana kallon ambulan ɗin a kan tebur. Inna na da hawan jini. In ta ji wancan, sai ta kwanta.

Ta gwada da farce, takardar ta soma yagewa daidai gefen tambur. Ta bari. Motar wasiƙu ta Damagaram kuma yau za ta tashi, in ta wuce sai wani mako.

A gidan waya ta tarar da Malam Ma'azu, dattijon da ke karɓar wasiƙu, yana dafa shayi a bayan kanta.

"Baba, na yi kuskure. Abin da ke ciki ba shi zan aika ba."

Ya juya ambulan ɗin, ya duba inda ta yage. "Ɗiyata, da kin ƙara ja da tambur ya lalace. Kawo nan."

Ya kara bakin ambulan a tururin butar shayi, yana juyawa a hankali, sannan ya zura siririyar wuƙa. Bakin ya buɗe. Ya miƙo mata ba tare da ya leƙa ciki ba. Ta zare kaset ɗin ta sa ɗayan. Shi kuma ya jiƙa ƙaro a ɗan kwano, ya shafa, ya danne, ya bi wurin yagewar da sikoc na manna takarda, ya buga hatimi.

"Wancan ba daɗi ne?" ya tambaya.

"Batir ne ya yi sanyi, Baba."

Ya dube ta kaɗan. Ya zuba mata shayi, ta sha a tsaye ta wuce aiki.

Bayan sati biyar amsa ta iso. Hindatu ta rufe ƙofa ta kunna. Balki ta yi waƙar lakwal, wato makaranta, ta ce 'yan kunnen sun yi mata. Daga nan Inna ta karɓa, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta sa albarka, sannan ta ce:

"Hindatu, na ji dariyar ta yi yawa. Ba haka kike ba. Kina dai cin abinci ko?"

Hindatu ta mayar da kaset baya ta sake saurarar wurin. Ana buga ƙofa, an kawo mai naƙuda daga Gidigir. Ta kashe rediyon ta ɗauki jakarta.