Kajin Inna

Bayan rasuwar Inna, 'ya'yanta biyu suka raba gida. Rabon bai yi daɗi ba. An faɗi maganganun da ba sa maimaituwa, daga ƙarshe aka kira magini ya ja katangar bulo ta ratsa tsakar gidan. Babban, wanda kowa ke kira Yaya, tsohon direba ne da ciwon baya ya zaunar. Shi ya samu ɓangaren ɗakin Inna da tsohon akurkinta. Auta, wanda tela ne, ya samu ɓangaren rijiya, ya fasa ƙofarsa ta bayan layi. Har kajin Inna sai da aka raba.

Auta ya gina sabon akurki mai rufin kwano da raga, ya fi tsohon kyau nesa ba kusa ba. Kaji suka ƙi shi. Da rana su ci dusa a bakinsa, amma da yamma ta yi sai zakaran ya hau tulin bulon da magini ya bari, ya tsallake katanga, matan su bi shi.

Tun da 'yan'uwan ba sa ko gaisawa, matar Auta ce ke ɗaukar kwando bayan magariba, ta zagaya ta layi ta kwaso su. Yaya ya amsa gaisuwarta, ya nuna mata akurkin da haɓa, ya shige ɗaki.

Auta ya kwashe bulon. Ya rage musu gashin fiffike da almakashinsa na ɗinki. Kajin suka gano ramin da ruwa ke fita a gindin katanga, suka riƙa kutsawa ta nan.

"Waɗannan kaji akwai taurin kai," in ji shi.

"Halin gidan da suka tashi suka ɗauko," in ji matarsa. Bai yi dariya ba.

Wata rana hadari ya taso, matar Auta ta tafi da wuri don kada ruwa ya tare ta. Tana shiga ta tsaya cak. Yaya na tsugune a bakin tsohon akurki, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana buga gindin kwano da cokali, irin bugun da Inna ke yi in za ta kira kaji. Ga su nan suna fitowa ta ramin katanga da gudu, yana watsa musu tsaba. Ta duba ko'ina ba ta ga nasa kajin ba.

"Yaya, ina naku?"

Ya ɗago, kunya ta kama shi kamar yaron da aka ritsa da hannu a tukunya.

"Cuta ta kwashe su tun da jimawa." Ya ajiye kwanon. "Da rana ba ya damuna. Yamma ce. Gidan sai ya yi shiru, har kunnena ya yi ta ƙara."

Matarsa ta riga Inna rasuwa, 'ya'yansa suna aiki a nesa. Matar Auta ta san wannan, amma ba ta taɓa tsayawa ta dubi tsakar gidan ba sai ranar: kujera ɗaya, tukunya ɗaya a kan murhu. Ta juya da kwandonta babu komai a ciki.

Ta tarar da mijinta a kan keken ɗinki, ta gaya masa abin da ta gani. Ya fara da faɗa, wai ashe da gangan ake wahalar da su. Faɗan bai yi nisa ba ya mutu a bakinsa. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Duka suka mutu?"

"Duka."

Bai ƙara taɓa ɗinkin ba ranar.

Washegari da safe aka yi sallama a ƙofa. Yaya ne, ya ɗauko kajin a cikin kwali, yana tafe a duƙe. Wannan ce shigowarsa ta farko ta sabuwar ƙofar.

"Ka rufe su a ciki 'yan kwanaki, da ruwa da abinci," ya ce, idonsa a kan kajin. "Ka gitta musu sanda daga sama, ba sa son kwanan ƙasa. Ni na daina kiran su. Ramin ma na toshe."

Ya juya zai tafi. Auta ya jawo bencin da masu kawo ɗinki ke zama.

"Zauna, Yaya. Ka nuna min inda zan sa sandar."

Haka aka yi. Kwanakin farko kajin suka yi ta bin raga suna kuka da yamma, Yaya na jin su daga ɗakinsa, bai taɓa kwanon ba. Da aka sake su, suka yi kiwonsu, rana na faɗuwa suka shige sabon akurki da kansu.

Yaya ya fara zagayowa da yamma, wai ya ga ko sun shiga. Ya zauna a benci, a kawo masa abinci, ya ce ya ƙoshi, ya ci. Maganar rabon gida babu wanda ya tayar. Wata yamma Auta ya rufe akurki, ya dawo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Yaya, ranar da Inna ta cika, ina shago. Ta yi magana?"

Yaya ya juyo ya dube shi.

"Ta tambaya ko ka ci abinci."

Auta ya sunkuyar da kai. Matarsa ta kwashe kwanuka a hankali, ta bar musu wurin.