'Yar Tsanar Nana

Tun farkon azumi Ummu Salma ta fara tara ƙwallayen dabino. Duk wanda ya yi buɗa-baki a gidansu da ke Azare, sai ya jefa ƙwallonsa cikin wani gwangwanin madara da ta ajiye gefen randa. Mahaifiyarta, Inna Kande, ba ta tambayi dalili ba, don ta sani. Abin wuya za a yi wa Nana.

Nana ita kaɗai Ummu ta haifa. Yarinyar tana shekara huɗu auren Ummu da Yunusa ya mutu, dangin uba suka riƙe ta a Gadau wajen kakarta, Hajiya Uwa. Yanzu ta kai bakwai. Da sallah kawai Ummu ke zuwa ganinta, haka manya suka tsara. Bara kuwa ba ta samu zuwa ba ko sau ɗaya, saboda jinyar Inna Kande.

Ummu tana aikin kalmasa da saka maɓalli a shagon wani tela, Malam Zarami, kusa da kasuwa. Abin da take samu bai isa sayen kayan sallah irin na kanti ba, amma ƙyallaye kam ba a rasa su a ƙasan keken ɗinki. Ta roƙi Malam Zarami, ya ce ta kwashe. Ta zaɓi guntun shadda ruwan ƙasa ta yi jikin 'yar tsana, ta cusa shi da audugar rimi. Ta warware wata tsohuwar baƙar hular sanyi ta yi gashi, ta zauna ta yi masa kitso ƙanana. Riga da zani ta ɗinka da ragowar atamfar wata amarya. Ƙwallayen dabinon kuwa ta wanke su, ta jiƙa, ta riƙa huda su da ƙusa mai zafi har yatsunta suka yi bororo, sannan ta rina rabinsu da karan dafi ta jera su a zare. Ta saƙa ɗan adudu da kaba mai murfi, ta yi masa ado da ledar biskit mai ƙyalli da ta yayyanka siri-siri.

“Kin gama azumin nan a tsugune,” Inna Kande ta ce mata ranar jajibere. “Bayanki zai faɗa miki.”

“Ai an gama, Inna. Ki duba kitson nan, bai yi kama da wanda nake mata ba?”

Tsohuwar ta juya 'yar tsanar a hannunta, ta miƙa mata.

Kashegarin sallah Ummu ta hau mota zuwa Gadau, adudun a cinyarta cikin mayafi. Ta tarar da gidan cike da jikoki. Hajiya Uwa ta karɓe ta da fara'a, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo tuwo da miyar taushe. Yunusa ba ya nan. Matar da ya aura daga baya, Ya Gana, ita ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi.

“Nana,” Hajiya ta kira, “zo ki gaida baƙuwarmu.”

Yarinyar ta fito sanye da leshi mai ruwan hoda, hannuwanta sun sha lalle. Ta yi tsawo. Haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ta tsuguna nesa kaɗan ta ce, “Ina wuni.” Daga nan ta koma ta raɓe jikin Ya Gana.

Ummu ta amsa a hankali. Nana 'yar farinta ce, ba ta iya kiran sunanta a gaban surukai, balle ta jawo ta jikinta. Ta kwance mayafin ta tura adudun gaba.

“Hajiya, ga ɗan abin da na yi wa yarinyar.”

Hajiya ta buɗe, ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, yara suka kewaye ta.

“Masha Allah, hannunki dai yana nan. Amma kin san tsarin gidan nan, Ummu. Ba na ware ɗa guda a cikin jikoki, abin da ke ɓata zumunci ke nan.”

Ta miƙa abin wuyan ga wata jikarta da ta zo daga Shira. Adudun ta ajiye gefenta, ta ce zai yi mata daidai da goro. 'Yar tsanar ce ta ba Nana.

Nana ta riƙe ta da yatsu biyu, ta dubi Ya Gana.

“Umma, irin wadda Abba ya sayo min ce? Wannan ba ta rufe ido.”

“Wannan da hannu aka yi miki ita,” Ya Gana ta ce. “Ki ce kin gode. Mamanki ce fa.”

“Na gode.”

Yara suka fita tsakar gida. Ummu tana zaune tana amsa tambayoyin Hajiya kan jikin Inna Kande, amma idonta na waje. Ta ga Nana ta miƙa 'yar tsanar ga wata ƙaramar 'yar maƙwabta da ke kuka, ta shafa mata kai, ta ruga ta bi sauran yara. Ba da raini ta yi ba. Kyauta ta yi, irin ta yarinyar da aka koya wa kirki. Ƙaramar ta kama kitson ta fara ja.

Da la'asar ta gabato Ummu ta gyara zama.

“Hajiya, da ma ina roƙon alfarma. Tunda ana hutu, ko za a ba ni ita ta yi mini kwana biyu? Inna tana son ganinta.”

“Wannan maganar ubanta ce, kuma ya tafi Kano. Ga islamiyya za a koma. Ki bari dai har babbar sallah, Allah ya kai mu.”

Haka aka ce mata shekarar da ta fara zuwa. Ta yi godiya, ta miƙe.

Ya Gana ce ta rako ta har bakin titi. An aika a kira Nana ta yi sallama, aka ce ta bi yara yawon sallah.

“Yaya Ummu, kada ki sa komai a ranki,” Ya Gana ta ce. “Wallahi riƙonta nake kamar ni na haife ta. Ko zazzaɓi ta yi, a jikina take kwana.”

Ummu ta dube ta. Ta nemi abin ƙi a fuskar matar, ba ta samu ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

“Na gani,” ta ce. “Allah ya saka da alheri.”

Ta isa Azare dab da magariba. Inna Kande na zaune bakin ƙofar ɗaki da buta a gabanta.

“Kin same su lafiya? Ta girma?”

“Ta girma. Har ta yi famfara.”

“Ta gane ki?”

Ummu ta cire takalmanta, ta jera su jikin bango.

“An faɗa mata ko ni wace ce.”

Inna Kande ta sunkuyar da kai ta fara alwala. Ummu ta shige ɗaki ta zauna bakin gado, mayafinta bai bar kanta ba har aka idar da salla a masallacin unguwa.