Surukin Rosilin a Kan Gadar Kututture

A tsibirinmu na Vanua Lava ba a raina ruwan da ya sauka a kan tsauni, ko da rana na haskawa a bakin teku. Ran nan mu uku muka sauko daga gonar gwaza: ni, da yayata Rosilin, da Womal mijin 'yarta, yana biye da mu can baya kamar yadda ya dace da suruki. Tun da ya auri yarinyar bai taɓa kiran sunan Rosilin ba, ba ya kusantarta, ko sawunta ba ya takawa.

Da muka iso rafi, ruwa ya riga ya yi ja, yana tafe da rassa. Gadarmu kututture ɗaya ce, gansakuka ta rufe ta. Na haye da rarrafe saboda gwiwata mai ciwo. Rosilin ta biyo baya, da kwandon gwaza a kanta.

Na ce, "Yaya, yar da kwandon nan!"

Ta ce, "Kai ka noma mini? Dube shi, yana tafiya kamar ƙaguwa!"

Ba ta kai tsakiya ba santsi ya kwashe ta. Kwando ya tafi. Ta rungume kututturen, ƙafafunta cikin ruwa, ruwa na fizgar ta. Womal ya fi ni kusa, amma ya tsaya ƙiƙam.

"Womal, kama ta!"

"Kawu, surukata ce fa!"

"Ni za ka gaya wa ko wace ce? Ciki ɗaya muka fito!"

Rosilin ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Gaya wa yaron nan kada ya taɓa ni."

Ya hau kututturen, ya miƙa mata sandarsa. Ba ta da hannun karɓa. Yatsunta na zamewa, ga wani ƙaton reshe ya taho yana juyi. Sai Womal ya saki sandar, ya kau da fuska, ya damƙi wuyan hannunta. Ya jawo ta har gaɓa bai kalle ta ba.

Ta zauna tana tari, ta juya masa baya. Da numfashi ya dawo mata ta ce, "Gaya masa akwai tarar alade a kansa."

Ya biya, kuma daidai ne, al'ada ba abin wasa ba ce. Amma akwai dattawa biyu da suka ce gara a ce ya tsaya a inda yake bai taɓa ta ba. Har yau ba na shan kava, abin shanmu na zaman hira, inda suke zaune.