Tsibiri Ba Ta da Kanal

Shekarar da yajin aiki ya cinye mana karatu, bayan babban taron ƙasa, kowa a Maraɗi ya samu jam'iyya ko fadar shan shayi. Ni kuwa na ɗauki rubutun fim, aikin da ba wanda ya sa ni. Ina zaune gidan kawuna a unguwar Zariya, ina cika kayen lakwal, littattafan rubutunmu na makaranta, da labarai, ina kai wa Maman Lawali, wanda ya shekara ashirin yana haska fim kafin sinima ta mutu ya koma gyaran rediyo.

Mutum ne da ba ya tausayin takarda. Labarina na farko, shafi biyu ya karanta ya ɗora kofin shayi a kai.

"Inusa, nan ka ce zuciyatai ta ɓaci. Kamara ba ta ganin zuciya. Rubuta abin da hannu ya yi, wanda ka gani da idonka."

Abu ɗaya na taɓa gani da ya tsaya mini a rai. A garinmu Jiratawa, ruwan kanal na noman rani bi da bi ake samu, kowane manomi da ranarsa. Ranin da ya wuce wuta ta yi ta ɗaukewa, injinan ruwa suka yi ta tsayawa. Wata Juma'a, kowa na masallaci, na ga babana Sallau ya cire takalminsa na hagu, ya kwashi laka da shi, ya toshe bakin ruwan maƙwabcinmu Hamidu, ya juya shi cikin barkononmu. Sabon dashen tumatirin Hamidu ya ƙone, aka ɗora wa inji laifi.

Na rubuta shi tsaf, har takalmin. Na sake sunaye, kuma don tsabar wayo na mayar da labarin garin Tsibiri. Maman Lawali ya karanta har shayinsa ya huce, ya ce, "Yanzu ka hwara." Kaina ya kumbura, ban ko jira ya gyara mini ba.

Da la'asar na karanta wa 'yan fadarmu. Idirisa ɗan Hamidu yana nan yana hura gawayi. Na gan shi sarai, amma na yarda da wayona.

Maliki, ɗan Tsibiri, shi ya fara dariya. "Kanal a garinmu? Mu da muke zaman jiran damina da hatsi? Wanga ai Jiratawa ce."

Idirisa bai yi dariya ba. Ya ajiye mafici, ya ce a hankali, "Kuma duk Jiratawa mutum guda ka tare ruwa da takalmi."

Mako biyu ba su cika ba, magana ta kai Jiratawa, manyan koperatib, ƙungiyar manoman kanal, suka zauna, suka karɓe filin da babana ya shekara goma yana nomawa. Tsoro ya hana ni zuwa gida. Shi ya zo, ya same ni a zauren kawu. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"An ce ka sa ni cikin takarda. Karanta mini, tunda ni ban yi lakwal ba."

Na karanta. Ya saurara yana kallon ƙafafunsa. Da na kai ƙarshe, inda mai tumatir ya kama hannun ɓarawon ruwa a ƙofar masallaci ya ce ya yafe, sai ya ɗago.

"Wanga wurin ma ka gani da idonka?"

"A'a, Baba. Ni na ƙaga shi."

Ya gyaɗa kai, ya jawo takalmansa ya sa. "Ashe ka iya ƙagawa," ya ce. "Mi ya hana ka yi mini ita tun daga hwarko?"