Garin Ƙyauren Baba

Malam Ɗalha na da aibi ɗaya, shi ma ya sani: ko sallama aka yi masa, sai ya juya ta ya duba ƙasanta kafin ya amsa. To irin wannan mutum ne ruwan damina ya tilasta wa kiran kafinta.

Ƙyauren zaurensa a Kankia ya kumbura, ya tsage, fenti ya yi ɓawo. Ga Ɗalha kuwa ba katako ba ne kawai, ƙyauren mahaifinsa ne, marigayi Malam Ummaru. Daga ƙasa akwai wani baƙin tabo mai santsi, wanda Ɗalha ke nuna wa baƙi yana cewa nan Baba yake jingina bayansa in yana ba da karatu. Duk albarkar gidan, a ganinsa, tana cikin tabon nan.

Kamilu kafinta, mutumin Yashe, ya cire ƙyauren ya kwantar a kan benci biyu. Ya kankare fenti, ya naɗe samfefa a guntun katako ya shiga gurza. Ɗalha ya jawo kujera ya zauna da carbi, wai yana shan iska.

Da aka zo kan tabon, sai ya ga Kamilu ya shimfiɗa leda a ƙasa. Garin da ke zubowa ya tara shi tsaf, ya juye a gwangwanin madara, ya rufe, ya tura ƙarƙashin benci. Carbin Ɗalha ya tsaya.

"Kamilu, mi za ka yi da wanga gari?"

"Amfani gare shi, Malam."

"Amfani ga wa?"

Kamilu ya yi dariya. "Sai gobe za ka gani."

Gobe! Ɗalha ya san ana ɗibar ƙasar sawun mutum a yi masa aiki, balle garin ƙyauren malami. Ko dai Kamilu zai kai albarkar can Yashe ya zuba a shagonsa, ko wani ne ya aiko shi ya kwance gidan. Ya shiga lissafa maƙiyansa, ya ga sun fi yadda yake zato, har da wasu da bai taɓa yin faɗa da su ba.

Da Kamilu ya tafi sallar la'asar, Ɗalha ya yi wuf da gwangwanin. Ya barbaɗa kaɗan a kusurwoyin gida. Sauran ya rasa inda ɓarawo ba zai kai ba, sai ya tuna da cikinsa. Ya dama a kunun tsamiya, ya yi bisimilla, ya shanye. Akwai ɗan ƙarni, amma ya ce albarka ba a tambayarta ɗanɗano.

Washegari Kamilu ya zo da robar gam, ya leƙa ƙarƙashin benci.

"Malam, ina gwangwanina?"

"Naka?"

"Na ƙyauren. Da gam zan kwaɓa shi in cike tsagar nan. In ba garinsa ba, launi ba ya zuwa ɗaya."

Ɗalha ya dafa ciki, ya ce wataƙila kaji ne. Kamilu ya ce kajin Kankia sun ci gaba, tun da har murfi suke buɗewa su mayar. Ya cike tsagar da garin farin katako, ya shafa mai. Ƙyaure ya fito yana sheƙi, da farin layi tun daga sama har ƙasa kamar an yi masa tsagar gado.

Ana cikin mayar da shi sai ga Yaya Halima, babbar yayar Ɗalha, ta iso daga Kusada. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Kai, Ɗalha, ka gyara shi kamar na mutane."

"Ƙyauren Baba ne fa, Yaya."

"Wane Baba? Na Baba gara ta cinye tun kana makaranta a Zariya. Wannan daga garken awaki muka ciro shi muka liƙa kafin ka dawo hutu."

Ɗalha ya nuna mata inda tabon yake a da.

Malam Ummaru bai taɓa jingina da ƙyauren nan ba. Bunsurun gidan ne yake soshe jikinsa a wurin.